Kafin Ka Zuba Kuɗin Sallamarka a Adaidaita Sahu



Sharhinmu na yau na mutumin da aka miƙa wa takardar sallama ne. Ko kamfani ya rufe, ko banki ya rage ma'aikata, ko makarantar kuɗin da yake koyarwa ta kasa biyan albashi, ko kwantiragi ya ƙare ba a sabunta ba. Ya dawo gida da 'yan kuɗin sallama, wani ma babu ko sisi, sai abin da uwargida ta tara a adashi da ɗan filin gado da za a iya sayarwa. Kafin a yi mako biyu shawara ta fara zuwa daga 'yan'uwa da abokan majalisa, kuma a Kano kusan duk shawarar wuri guda take nufa: Malam, ka sayi adaidaita sahu mana.

Ni ban ƙi wannan shawara ba. Sana'a ce ta halal, tana ciyar da gidaje masu yawan gaske a wannan gari, ba ta neman takardar digiri, ba ta neman ka san wani babba, kuma ranar da ka fita ranar za ka shigo da cefane. Ga mutumin da ya yi wata uku yana kallon tukunya a kife, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma saboda ina son sana'ar ta riƙe wanda ya shige ta, dole in faɗi abin da 'yan majalisa ba sa faɗa lokacin da suke ba da shawara.

Mu tuna yadda titi ya zama mafakar wanda ya rasa aiki. Lokacin da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, da lokacin da masaƙun Kakuri a Kaduna suka yi shiru, dubban magidanta da suka saba da jiniyar shiga aiki babur suka hau, suka zama 'yan acaɓa. Keke mai ƙafa uku daga baya ya zo. Ya fara yin suna a Legas zamanin gwamnan soja Buba Marwa, sannan gwamnatin Obasanjo ta raba shi a ƙarƙashin shirin yaƙi da talauci na NAPEP da aka kafa a 2001. A Kano, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da shi don ɗaukar mata, a ƙarƙashin shirinta na A Daidaita Sahu. Babban sauyin ya zo ne a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano marigayi Alhaji Ado Bayero, lokacin da gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni. Daga nan waɗanda ke kan babur suka koma keke, kuma keke ya zama ƙafar Kano.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, duk sa'ad da aka sallami ma'aikata a wani wuri, titi ɗaya suke kwararowa. Ɗalibin da ya gama bautar ƙasa bai sami aiki ba yana nan, wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa yana nan, ɗan fansho da kuɗinsa ba sa isa yana nan. Kekuna suna ƙaruwa kullum, fasinja kuwa ba ya ƙaruwa da wannan sauri. Ka tsaya a Bata ko Ƙofar Nasarawa da hantsi ka ƙirga kekunan da ke wucewa da mutum ɗaya a ciki ko babu kowa. Kowanne daga cikinsu mai yake ƙonawa.

To ga inda nake son mu daɗe, don nan ne mafi yawan sababbin shiga suke faɗuwa. Ma'aikaci ya saba da kuɗin ƙarshen wata. Ya san abin da zai shigo, ya san ranar da zai shigo, kuma duk abin da ya shigo nasa ne. Ranar farko da ya dawo daga titi ya zazzage aljihu ya ga kuɗi tuli, sai zuciyarsa ta yi masa lissafin albashi: in na sami wannan kullum, a wata na ninka abin da nake ɗauka a ofis. Daga nan sai a ƙara cefane, a biya bashin mai kanti, a ɗinka wa yara kaya, a taimaki ƙanwa da ta zo da matsala. Duk abubuwan alheri ne. Matsalar ita ce kuɗin da ke aljihun nan masu shi suna da yawa, kuma direba shi ne na ƙarshe a layi.

Gidan mai yana da kaso, wannan kowa ya sani. Akwai tikitin ƙungiya da harajin hukuma. Akwai baƙin mai da dole a juye a kan kari, in an yi wasa da shi inji ne zai biya. Akwai taya, akwai birki, akwai kuloci da wayarsa, akwai mai faci, akwai ranar da bakanike zai ce sai an sauke inji an sa ringi da fistin. Waɗannan ba kullum suke zuwa ba, shi ya sa ake mantawa da su, amma kullum ake cin bashinsu. Sai babban wanda kusan babu mai sa shi a lissafi, wato keken kansa. Tun ranar da ka fito da shi daga shago yake tsufa, kowane rami da ya faɗa, kowane lodi da ya wuce ƙima, rage masa kwana yake.

Bari mu yi lissafi na misali, kowa ya sa nasa farashin a ciki. A ce ka sayi keke naira miliyan 3. A ce zai yi maka shekara 3 yana aiki da ƙarfinsa kafin ya koma zaman garejin bakanike, kana fita kwana 300 a shekara. Kwana 900 ke nan. Raba miliyan 3 gida 900, za ka sami sama da naira 3,300. Ma'ana, duk ranar da ka fita, akwai naira 3,300 a aljihunka da ba naka ba ne, na keken da zai gaji wannan ne. In ka kashe su, ba riba ka ci ba, jarinka ka ci. Kamar manomi ne da ya buɗe rumbu ya dafa irin da ya ajiye don shuka: zai ƙoshi a rani, amma damina za ta same shi hannu wofi. Mutane da yawa sun yi shekara biyu ko uku suna ganin sana'a tana tafiya, sai ranar da keke ya kwanta suka gane kuɗin sallamar nan a hankali suka cinye shi, keken dai hanya ce kawai da kuɗin suka bi suka fita.

Kuma ko wannan lissafi bai cika ba, don keken da za ka saya nan da shekara uku ba zai tsaya a farashin yau ba. Bajaj da TVS, waɗanda suka fi yawa a titunanmu, kamfanonin Indiya ne, kayan gyaransu ma da dala ake shigo da su. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, farashin keke da na kayan gyara ya yi tashin gwauron zabi. Makonni kaɗan kafin nan, ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,000. Ɗan adaidaita ba zai iya ninka kuɗin mota sau biyar ba, don fasinjansa ma talaka ne, in kuɗi ya yi masa yawa sai ya taka da ƙafa ko ya fasa fitar. Wanda zai shiga sana'ar yau ya sani cewa ribar da ake ba shi labari, ta shekarun mai mai araha ce.

Shawarata a nan mai sauƙi ce, ko da yake riƙe ta yana da wuya. Ka sayi ɗan littafi. Kowane dare ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ka ware kason keke tun kafin ka shiga gida, ka sa shi inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba, ko asusun banki na daban ko adashi mai amana. Abin da ya rage shi ne albashinka, kuma a kansa za a tsara cefane. Kai da ka yi aikin ofis ko kamfani, wannan shi ne fifikon da kake da shi a kan yaron da ya taso a titi: ka saba da rubutu, ka saba da lissafi, ka saba da zuwa a kan lokaci. Kada ka bar su a ofishin da ya sallame ka. Uwargida kuma, ina roƙonki, a nuna miki littafin nan, ki zama mai tsaron kason keke, kada ki zama mai neman a taɓa shi ranar biki ko suna.

Yanzu mu zo ga yadda ake shiga. Ba kowa ke da kuɗin saye a dunƙule ba. Wasu balas suke yi, wato keken na wani ne, kullum ka kai masa abin da aka yanka, abin da ya ragu naka. Wasu kuma a ba su a kan biya a hankali, a ɗora riba a kan farashi, kana biya mako-mako har ka gama ya zama naka. Wannan hanya ta biyu ta mayar da mutane da yawa masu abin kansu, kuma ita ce ta fi jawo rigima a gaban masu unguwa da ofisoshin 'yan sanda da kotuna. Dalili kuwa, yawanci da baki ake ƙulla ta. Alhaji mutumin kirki ne, ai tare muke sallah, kunya ba za ta bar ni in ce a rubuta ba. Jama'a, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Wanda ya ce a rubuta bai zargi kowa ba, umarni ya bi.

Me za a rubuta? Jimillar kuɗin da za a biya, a yanke ta tun ranar farko, kada ta riƙa motsi in an yi jinkiri, don malamai sun yi bayani cewa ƙarin da ake ɗorawa saboda jinkirin biya shi ne ribar da aka haramta. A rubuta abin da zai faru in direba ya kwanta rashin lafiya mako biyu. A rubuta wa ke ɗaukar asara in an sace keken ko an yi hatsari. A rubuta hukuncin kwanakin da hukuma ta kama keke ko ta hana fita. Sunan wa ke kan takardu, kuma yaushe za a mayar da su sunanka? Abin da ya fi duka muhimmanci: in ka biya kashi takwas cikin goma sannan ka gaza, me zai faru da abin da ka riga ka biya? Kowane biya kuma a karɓi rasit, ko a tura ta banki don shaida ta zauna a waya. Wanda ke da hali ya leƙa bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, ya tambayi tsarinsu na murabaha, ya kwatanta da abin da dillali ya yanka masa kafin ya sa hannu.

Ku kuma masu hali da kuke ba da kekuna, Allah Ya saka muku, kuna rufa wa mutane asiri. Amma ku ji tsoron Allah a kan mutumin da ya yi wata goma sha biyar yana kawo muku kuɗi ba fashi, ya yi jinya wata guda, ku aika a ɗauke keken ku ba wani, ku ce abin da ya biya kuɗin haya ne. Ko takarda ta ba ku wannan dama, hakki ne. Balas ɗin da aka yanka fiye da abin da titi ke bayarwa kuwa, shi ke sa yaro ya yi awa goma sha huɗu a kan keke, shi ke sa gudu da ganganci da lodin mutum biyu a gefen direba, shi ke tura wasu ga ƙwayar da za ta hana su jin gajiya. Hatsarin da ya biyo baya, da hannun mai keke a ciki.

Akwai kuma wanda zai ce, ni fa ba zan tuƙa ba, zan saya in ba yaro ya riƙa kawo mini balas. In aka bincika, sau da yawa kunya ce. Jiya ana ce masa manaja ko malam, yau tsohon ɗalibinsa zai tsayar da shi ya ce Kabuga nawa. Na san wannan abu yana da ciwo, ba na raina shi. Amma ɗan'uwa, keke ɗaya ba ya ciyar da gida biyu ya kuma tara kuɗin magajinsa. Kuma wanda bai taɓa zama a kujerar nan ba, bai san man da ake sha daga Rijiyar Zaki zuwa Sabon Gari ba, bai san kukan inji mai lafiya da marar lafiya ba, duk abin da yaro da bakanike suka gaya masa dole ya karɓa. Ko da niyyarka nan gaba ka tara kekuna ka raba wa matasa, fara da tuƙa naka. Mu kuma sauran jama'a, mu gyara bakinmu. Magidancin da ya fito da asuba yana nema wa iyalinsa abinci ya fi ƙarfin a kira shi da kai yaro, ko a yi masa kallon wanda ya faɗo.

Kafin ka fita titi, ka koyi tuƙin sosai a hannun wanda ya iya, ka yi lasisi, ka yi rajista da inshora. In na hannu za ka saya, tafi da bakaniken da kai ka zaɓa, ka tabbatar lambar inji da ta jiki sun dace da takarda, don kekunan sata suna yawo a kasuwa.

Sannan ka yi tunani a kan wa za ka ɗauka. Yawon neman fasinja shi ne ya fi cin mai, kuma a nan ne gasa ta fi zafi. Wanda ya sami gidaje huɗu ko biyar da zai riƙa kai 'ya'yansu makaranta da Islamiyya ana biyansa a wata, ya sami ginshiƙi. Haka wanda ma'aikatan asibiti ko matan da ke sana'a a gida suka riƙe lambarsa, suna kiransa ya kai saƙo ko ya yi musu shata. Irin waɗannan amana suke saye, kuma dattijon da ya fito daga aikin albashi ya fi kowa dacewa da ita, in dai ya ce ƙarfe bakwai to ƙarfe bakwai ne. Wani ma keken fasinja bai kamace shi ba sam. Kano garin kaya ne: hatsi a Dawanau, kayan gwari a 'Yankaba, atamfa da shadda a Kantin Kwari, kayan masarufi a Singa, kayan gini a Ƙofar Ruwa. Duk abin da aka saya a wuraren nan sai an ɗauke shi. Keken ɗaukar kaya ko 'yar ƙurƙura, tare da 'yan kasuwa biyu ko uku da suka san ka, na iya fin jigilar mutane kwanciyar hankali. Ka je kasuwar ka zauna kwana biyu ka ga yadda lodi ke fita kafin ka yanke shawara.

Abu na ƙarshe da zan taɓo ya fi ƙarfin direba, kuma saboda shi nake cewa kada kowa ya zuba duk abin da ya mallaka a keke, ya bar wani abu a gefe ko yaya yake. Wannan sana'a a hannun sanarwar gwamnati take. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006. Legas ta hana babura da kekuna a manyan sassanta a watan Fabrairun 2020, kuma 'yan Arewa da yawa da ke can suka wayi gari ba abin yi. A nan Kano, a watan Fabrairun 2021 masu adaidaita sun yi yajin aiki a kan harajin naira 100 na kullum, suka sake yin wani a watan Janairun 2022 a kan kuɗin sabunta rajista da hukumar KAROTA, kuma duk wanda ke garin nan ya tuna yadda ɗalibai da 'yan kasuwa da marasa lafiya suka riƙa takawa a ƙasa. A watan Yulin 2022 aka hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda tsaro.

Ba na cewa hukuma ta naɗe hannu. Akwai masu ƙwacen waya da ke fakewa da keke, akwai masu tsayawa tsakiyar titi su ɗauki fasinja, akwai yaran da ko gemu ba su fara ba suna tuƙi. Dole a yi doka, kuma ƙungiyoyin masu adaidaita su ne ya kamata su fara tsabtace sahunsu. Amma gwamnatin da ba ta iya ba mutum aiki ba, ya je ya ci bashi ya ƙirƙiro wa kansa, mafi ƙarancin abin da za ta yi masa shi ne ta sanar da shi abin da ke tafe. In za a hana bin wata hanya ko a sauya tsari, a ba da wa'adin watanni, a zauna da shugabanninsu, don mai biyan kuɗin keke mako-mako ya san yadda zai yi da alƙawarin da ke wuyansa. Haraji ya zama guda, sananne, a wuri guda ake biya, da rasit. Tarar kowane laifi a rubuta ta a manna inda kowa zai gani, a biya ta a asusun gwamnati, kada a yi cinikinta a bakin titi. In kuma ana maganar mayar da kekuna masu amfani da iskar gas ko lantarki, to a fara da samar da wuraren shan gas da na caji a unguwanni, sannan a sa wa talaka farashin juyawar a kan biya a hankali, a rubuce.

Nan za mu dakata a sharhin na yau.